Gawon Malama Tabawa

A wani daji da ke tsakanin fadama da jigawa, dabbobi suka kafa jami'a. Ba gini ba ne, gindin wata tsohuwar kuka ce mai faɗin inuwa, amma akwai shugaba, akwai majalisa, akwai ma'aji, to me ya rage? Shugabanci Toron Giwa aka ba, don shi kaɗai ne in ya yi magana ba a cewa ya maimaita. Ma'aji kuwa Kura ce. Wani malami ya taɓa tuna wa majalisa cewa ba a ba kura ajiyar nama. Aka gode masa da wannan gudummawa, aka sa shi a wani kwamiti da ba ya zama.

Kowane malami yana da filin bincikensa, sai dai bincike ba ya cika ciki. Abin da ke riƙe da malamai shi ne tallafin Gidauniyar Shamuwa. Duk shekara, da saukar ruwan fari, shamuwoyi kan iso daga ƙetaren manyan koguna da tsabar da masu hali na can suka ba su amana. Su saurari malamai, su zaga filaye, su raba tsaba, kafin kaka su tashi. Kura ta cire kason ofis, malami ya ɗauki abin da ya saura. A wasu dazuzzukan kura ke shan bugu gardi ya kwashe kuɗi. A wannan dajin kura ta yi karatu, ta zama gardin da kanta.

Gidauniyar tana da ƙa'idar da take taƙama da ita: gani ya kori ji. Ba ta karɓar labarin kowa, sai abin da idon shamuwa ya gani.

A nan wahalar Malama Tabawa take. Tabawa bushiya ce, bincikenta kuma a kan gawo. Kowa a dajin ya san halin gawo. Idan damina ta sauka, kowane itace ya yi kore shar, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara. Idan rani ya ƙone komai, sannan zai fito da ganye, ya yi inuwa, ya zubar da 'ya'ya. Tabawa da mijinta Malam Barmo sun ƙarar da ƙuruciyarsu suna neman dalilin haka a gindin wani babban gawo. Ita ke tona saiwa, shi ke tsintar irin gawo a kashin barewa yana shukawa a kewaye, har filin ya cika da ƙananan itatuwa. Kowanne Barmo ya raɗa masa suna, yana yi musu faɗa in sun ƙi girma.

Barmo mai baki ne. In ya tsaya gaban shamuwoyi yakan ba su dariya har su manta da itacen, su ba shi ɗan abin da ya rage a gindin buhu. Tabawa kuwa, in aka jefo mata tambaya a bainar jama'a, jikinta kan riga ta amsawa: sai ta dunƙule, ƙaya a waje, amsa a ciki. Da Allah ya yi wa Barmo rasuwa, bakin filin ya tafi tare da shi. Tun daga nan ko ƙwayar gero ba ta ƙara zuwa gindin gawo ba.

Shamuwoyi kuwa ba mugaye ba ne. Da damina suke zuwa, kafin kaka su tafi, don haka babu wadda ta taɓa ganin ganye ko ɗaya a jikin itacen. Mai duba musu filaye wata tsohuwa ce, Iya Marka, wadda ba a taɓa kama ta da son kai ba, ba a kuma taɓa kama ta da murmushi ba. Duk shekara takan sauka a kan reshen gawon mafi tsawo, don reshe marar ganye ya fi daɗin sauka, ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta ce, "Busasshe ne." Sai ta tashi.

A ƙarshen wata damina majalisa ta zauna, Ma'aji Kura ta nemi izinin magana.

Ta ce, "Ranka ya daɗe Shugaba, 'yan majalisa, Allah ya san babu wanda ya kai ni ganin girman marigayi Malam Barmo. Ranar da ya rasu ko ƙashi ban iya taunawa ba sai bayan la'asar. Amma jami'a ba da tausayi take tafiya ba. Filin gawo ya daɗe bai kawo mana komai ba, kuma ƙa'ida ta ce irin wannan fili ya koma hannun jami'a. Ga baƙinmu masu daraja, duk shekara suna raɓe-raɓe a rassa kamar marasa galihu. Shawarata a ture itatuwan nan, a gina musu masauki na alfarma. Kowa ya san mai ba ka ya fi mai yaba ka. Ni kuma, duk da yawan aikina, na yarda in kula da ginin."

Toron Giwa ya juya wurin Tabawa ya ce, "Malama, kina da ta cewa?"

Tana da ta cewa, cikinta cike yake da ita. Amma idanu sun yi mata yawa, ta dunƙule. Majalisa ta ɗauki hakan a matsayin babu. Giwa ba shi da mugunta, ba ya dai son taro ya yi tsawo. Ya yanke cewa a ba ta zuwa zaman Gidauniya na baɗi. In ta samu tallafi, shi ke nan. In ba ta samu ba, washegari zai zo da kansa ya ture itatuwan.

A hanyar komawa Malam Cindo Hawainiya ya cim mata, abin da ba kasafai yake faruwa da hawainiya ba, sai don ita ma ranar ƙafafunta sun yi nauyi. Cindo aminin Barmo ne tun suna ɗalibai, kuma bai taɓa rasa tallafi ba. Shekarar da Gidauniya ta damu da fari, ya yi bincike kan amfanin ruwa. Shekarar da ta damu da ambaliya, ya yi kan illarsa.

Ya ce, "Malama, matar aminina, ki ji shawara. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ganye suke son gani, a ba su ganye. Baɗi kafin su iso, ni zan hau in ɗaure wa gawon nan ganyen tsamiya. Daga sama duk ƙananan ganye ne, wa zai bambance? Ba don kaina ba, wallahi. Ba na so in ga an ture abin da Barmo ya shuka."

Tabawa ta san da gaske yake, shi ya sa maganar ta fi yi mata ciwo. Ta ce, "Malam, na gode. Amma in suka gan shi da ganye a damina, to me muka gano ni da Barmo? Duk abin da muka sani shi ne ba ya yin haka. Zan ceci itacen, in binne aikin."

Cindo ya yi launin toka, ya tafi.

Ba a daɗe ba hadarin ƙarshen damina ya taso da iska mai ƙarfi, daidai lokacin da shamuwoyi ke shirin tafiya. Da gari ya waye Tabawa ta fito duba ƙananan itatuwanta, sai ta tarar da Iya Marka a gindin babban gawo, fiffike ɗaya a karye, gashi duk laka. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Tawagar shamuwoyi ta yi jira iya jira, amma iskar tafiya ba ta jiran kowa. Suka yi mata addu'a, suka tashi.

Kada a ce Tabawa waliyiya ce. Ta tsaya ta dubi tsohuwar nan da kalmarta ɗaya ta hana ta ci shekara da shekaru. Ta juya ta yi tafiyarta. Ba ta yi nisa ba wata fara ta yi tsalle a gabanta, ta cafke. Ta tsaya da farar a baki, ta yi tsaki, ta koma.

Iya Marka ta dubi farar, ta dubi bushiyar. Ta ce, "Kin san ni ce nake cewa itacenki busasshe ne?"

"Na sani, Iya. Ci."

"Kada ki sa ran wannan zai canza maganata."

"Ban kamo ta don maganarki ba. Tsalle ta yi a gabana."

Haka zamansu ya fara, babu ƙauna a ciki sai fara. Tabawa ta samo zaren rama ta ɗaure fiffiken, ta tara busasshiyar ciyawa ta yi mata makwanci. Tsohuwar kan kwanta tana kallon sama, inda 'yan'uwanta suka ɓace. Ba ta taɓa ganin rani ba a rayuwarta, tana jin labarinsa ne kamar yadda ake jin labarin mutuwa. Ta ga ciyawa ta yi ja, ta ga fadama ta tsattsage, ta ga kukar jami'a ta zube ganye. Tsoro ya kama ta, ba ta kuma ɓoye ba.

Wata safiya ta kira Tabawa da murya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Malama, zo ki taɓa ni. Ina jin zazzaɓi ya taɓa mini ido. Wani kore-kore nake gani a reshen can."

Tabawa ta ɗaga kai, ta yi murmushi. Ta ce, "Lafiyarki ƙalau, Iya. Ya farka ne."

Kafin fiffike ya haɗe, gawo ya rufe da ganye. Ya yi fure, ƙudan zuma suka cika shi da guɗa, sannan 'ya'ya suka nuna suna faɗowa. Barewa da gada suka riƙa zuwa da 'ya'yansu suna tsinta. Da rana ta take, duk wanda ke da hankali a dajin nan gindin gawo yake nufa. Toron Giwa ke fara zuwa, don ya kama gefen da ya fi inuwa. Ma'aji Kura ma takan zo ta miƙe ƙafa, tana auna filin da ido tana lissafin inda ƙofar masauki za ta kalla. Babu wanda ya ga wani abin mamaki a cikin haka.

Iya Marka kuwa ta kasa ɗauke ido daga reshen nan mafi tsawo. Ta ce, "A kan wancan nake sauka. Tun ina da ƙarfina a kansa nake sauka. Ashe barci yake yi, ni kuma ina tsaye a kansa ina yi masa ta'aziyya." Sannan ta ce, "Na cuce ki, Tabawa."

Tabawa ta ce, "Abin da kika gani kika faɗa, Iya."

Da yake babu wanda ya tambaye ta, sai ta fara magana. Ta nuna wa tsohuwar ramin da ta tona, inda saiwar gawo ta nutse ƙasa ta wuce ta kowane itace har ta cim ma ruwan da rani ba ya iya sha. Ta nuna mata yadda ƙasar gindinsa ta fi baƙi da laushi saboda ganyen da yake zubarwa dab da shuka. Ta gabatar mata da ƙananan itatuwa ɗaya bayan ɗaya da sunayen da Barmo ya ba su, har da wani karkatacce da ya sa wa suna Ma'aji, wai don ya fi kowa shan ruwa. Ranar aka fara jin dariyar Iya Marka a dajin. Tabawa ma ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, don tun rasuwar Barmo ba ta ambaci sunayen nan da ƙarfi ba. Tsohuwar ta miƙa lafiyayyen fiffikenta ta rufe ta, ƙaya da komai.

Ta ce, "Ashe kina da baki."

Tabawa ta ce, "Ina da shi. Ba a zama ne, tambaya kawai ake yi."

Bazara ta yi, gajimare suka fara haɗuwa a gabas. Gawo ya fara zubar da ganye. Iya Marka ta tashi hankalinta, tana zagaya itacen da ɗingishi.

"Tabawa, ki ce masa ya dakata! Sun kusa isowa. Ko reshe ɗaya ya bari!"

"Iya, da yana jin magana da ban tsufa a gindinsa ba."

Ranar da tawaga ta sauka, ko ganye ɗaya babu.

Aka yi zama a gindin kuka. Da aka kira Tabawa, ta ji jikinta yana neman naɗewa, sai ta kafa ido a kan Iya Marka ita kaɗai, ta yi kamar a gindin gawo suke.

Ta ce, "Ranku ya daɗe, ban iya tsara magana ba. Itacen da nake bincike a kansa yana hutawa lokacin da kowa ke aiki, yana aiki lokacin da kowa ya gaji. In kun zo yana barci, in kun tafi yana ciyar da dajin nan. Mijina ya shuka masa 'ya'ya, ba su kai ga yin inuwa ba tukuna. Abin da nake roƙo a bar su su kai."

Jagoran tawaga, wani kamili mai taushin murya, ya ce, "Malama, magana ta yi kyau, ta kuma taɓa zuciya. Sai dai kin san ƙa'ida. Gani ya kori ji."

Iya Marka ta miƙe. Ta ce, "To ga gani. Ni Marka, da na duba muku filaye tun wasunku suna cikin ƙwai, na yi rani a dajin nan. Na ga itacen nan da ganye, na ga furensa, na ga barewa ta shayar da ɗanta da albarkacin 'ya'yansa lokacin da ko tsinke babu a jigawa. Duk shekarun da na ce busasshe ne, idona bai yi ƙarya ba, zuwana ne ba ya kan lokaci. Na janye maganata. Itacen yana da rai, kuma ya fi mu amfani a nan."

Cindo ya yi kore don murna.

Jagora ya sunkuyar da kai cikin ladabi. Ya ce, "Iya, Allah ya ƙara girma, mun yi murna da ganin ki da rai. Wa ya ciyar da ke duk ranin nan?"

"Malama Tabawa."

"Wa ya ɗaure miki fiffike?"

"Ita ce."

"A inuwar wa kika kwanta?"

"A inuwar itacen da nake ba ku labari. Ai shi ya sa na san yana da ita."

Jagora ya yi ajiyar zuciya, da alama abin ya dame shi da gaske. Ya ce, "Iya, ke kika koya mana ƙa'ida ta biyu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ci abincin mai nema, ko ya sha inuwar abin da ake nema wa tallafi, shaidarsa ba ta shiga. Ba mu ce kin yi ƙarya ba, Allah ya kiyaye. Mun ce dai ba za mu iya jin ki ba. Kuma za ki huta da duba filaye."

Iya Marka ta ce, "Wanda bai zauna ba bai gani ba. Wanda ya zauna kuma ba a jin sa. To wa zai gani ke nan?"

Jagora ya ce, "Tambaya ce mai zurfi, Iya. In an samu malamin da zai nemi tallafi a kanta baɗi, za mu duba."

Cindo ya ɗan motsa, kamar mai ajiye maganar a zuciya. Aka tura sabuwar mai duba filaye, ta je ta sauka a reshe mafi tsawo, ta dawo ta ce busasshe ne. Aka rufe zama da addu'a.

Washegari da sassafe Tabawa ta fita yin sallama da itatuwanta kafin Giwa ya iso. Ta bi su ɗaya ɗaya tana kiran sunayensu, tana ba su haƙuri. Tana gindin karkataccen nan sai wani kara ya faɗo mata a ka. Ta ɗaga ido. Iya Marka ce a kan reshe mafi tsawo, tana haki, tana jera ƙirare. Fiffiken da ya karye ba ya kai ta nesa, don haka kowane tsinke sai ta sauka ta huta kafin ta hau da shi. Amma sheƙa ta riga ta ɗauki siffa.

To a dajin nan akwai al'adar da ta girmi jami'a: ba a taɓa itacen da shamuwa ta yi sheƙa a kansa. Tsofaffi sun ce wanda ya rushe sheƙarta ya kori damina. Malaman zamani ba su yarda da wannan ba, amma sun yarda cewa zai kori tallafi, don haka an haɗu a wuri ɗaya.

Toron Giwa ya iso, Kura na biye da shi. Ya ɗaga hanci, ya ga sheƙa, ya sauke hancin a hankali.

Kura ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai wasa ne. Tsohuwar nan ta daina ƙwai tun ban shiga ofis ba. Sheƙar da babu ƙwai ba sheƙa ba ce."

Iya Marka ta leƙo daga sama ta ce, "Gani ya kori ji, Ma'aji. Hawo ki duba."

Kura ta dubi tsawon itacen, ta dubi ƙayarsa, ta tuna tana da aiki a ofis.

Giwa ya yi gyaran murya. Wataƙila ya tuna da inuwar da ya sha, wataƙila kuma ba ya dai son aiki da safe. Ya ce, "Majalisa ta ce a yi wa baƙi masauki a filin nan. Ga baƙuwa ta sauka. A ganina aiki ya kammala. Babban itacen masauki ne, ƙananan harabarsa ce, kada wanda ya taɓa." Kura ta tambaya ko za a cire kason ofis daga ginin, aka ce ta kawo maganar a zama na gaba.

Da suka tafi, Tabawa ta tsaya a gindin gawo, ta ɗaga kai. Ta ce, "Iya, kin rasa kujerarki saboda ni. Yanzu kuma me za ki ƙyanƙyashe a can sama?"

"Ba komai. Zama zan yi."

"In kaka ta yi fa, tawaga ta tashi?"

Tsohuwar ta gyara wani tsinke da baki, ba ta dube ta ba. Ta ce, "Fiffiken nan bai gama warkewa ba. Ina jin zai riƙa tayar mini duk lokacin da ganye ya kusa fitowa."

Tabawa ba ta dunƙule ba. Ta share ido, ta tafi neman fara ta mutum biyu.

Tallafi dai bai zo ba, a shekarar ko bayanta. Cindo ne ya samu, a kan tambayar Iya Marka, kuma yakan kawo musu ɗan abin da Kura ta bari. Ƙananan itatuwan Barmo suka girma, har karkataccen ya yi inuwar da ke ɗaukar barewa da ɗanta. A sanin Gidauniya kuwa har gobe gawon busasshe ne, don ba a samu wanda zai musanta ba: duk dajin sun sha inuwarsa.